Mariama Bâ, Matar Da Ta Yi Magana Daga Ɗakin Takaba

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ina aji biyu a jami'a, an sa mana littafin So Long a Letter na Mariama Bâ. Da Yaya ya gan shi a hannuna sai ya ce in yi hattara, wai matar feminis ce, wato mai rajin 'yancin mata, Turawa ne suka hure mata kunne ta zo tana yaƙar auren mace fiye da ɗaya. Ni dai na karanta ban ga inda ta taɓa addini ba, amma na rasa abin da zan ce masa. Wace ce ita, me ta rubuta, kuma Yaya yana da gaskiya?

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ki fara da tambayar yayan naki ko ya karanta littafin. Ba don ki ƙure shi na faɗi haka ba. Na daɗe ina koyar da wannan littafi, kuma yawancin waɗanda suka fi jin haushinsa a bakin wani suka ji labarinsa. Ɗan siriri ne, bai cika shafi ɗari ba, zama biyu ya ishi mutum. Duk da haka maganar yayanki ba ta zube ƙasa gaba ɗaya ba, akwai inda ya taɓo gaskiya, kuma zan zo wurin.

An haifi Mariama Bâ a Dakar ranar 17 ga Afrilu, 1929. Lokacin Senegal tana hannun Faransa, Dakar kuma ita ce hedikwatar duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulka, har da Nijar. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, sai ta tashi a hannun kakanninta na wajen uwa, Musulmi masu riƙo da al'ada, waɗanda ba su ga amfanin 'ya mace ta yi nisa a boko ba. Ta yi makarantar allo, ta koyi aikin gida kamar kowace yarinya. Mahaifinta Amadou Bâ, ma'aikacin gwamnati wanda daga baya ya riƙe muƙamin ministan lafiya gab da samun 'yancin kai, shi ya tsaya kai da fata sai ta yi karatu. A 1943 ta zauna jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata da ke Rufisque, kusa da Dakar, ta zo ta ɗaya.

Wannan makaranta sai an ɗan tsaya a kanta, domin duk wanda bai san ta ba ba zai gane zumuncin aminan nan biyu, Ramatoulaye da Aïssatou, da littafin yake ba da labarinsu ba. An buɗe ta a 1938, shugabarta wata Bafaranshiya ce mai suna Germaine Le Goff, kuma ana kawo mata 'yan mata zaɓaɓɓu daga ƙasashen yankin daban-daban, su zauna tare shekara huɗu, su koma garuruwansu su zama malamai. Su ne rukunin farko na matan boko a wannan ɓangare na Afirka. Maza na kallonsu da tsoro, wasu na kiransu shaiɗanu, wasu kuma na rububin aurensu don a ce matar wane malama ce. A cikin littafin za ki ga yadda mai ba da labarin take tuna Baturiyar shugabarsu da ƙauna. To, nan ne wuri na farko da yayanki zai ce ai ga shi nan. Gaskiya ne makarantar 'yan mulkin mallaka ce, kuma da Faransanci Mariama ta yi rubutu. Sai dai Abubakar Imam da Tafawa Ɓalewa ma a hannun Turawa suka yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma ban taɓa jin wanda ya ce saboda haka duk abin da suka faɗa game da ƙasarsu ba nasu ba ne.

Ta gama a 1947, ta yi shekara goma sha biyu tana koyarwa, rashin lafiya ya sa aka mayar da ita ofishin masu duba makarantu. Ta yi aure sau uku, duka auren ukun sun ƙare da rabuwa, ta haifi 'ya'ya tara. Mijinta na ƙarshe shi ne Obèye Diop, ɗan siyasa kuma ɗan majalisa. Ta shiga ƙungiyoyin mata na Dakar, tana jawabai, tana rubutu a jaridu. Ki riƙe maganar aure ukun nan, don ɗalibai suna yawan rubuta mini a jarrabawa cewa littafin tarihin rayuwarta ne. Tauraruwar littafin aure ɗaya ta yi na shekara talatin, ta kuma ƙi fita ko da aka wulaƙanta ta. Mariama ba haka rayuwarta ta kasance ba. Ta ɗebo daga abin da ta gani a gidanta da gidajen ƙawayenta, ta dama ta ƙera wani abu dabam.

Sai da ta kai shekara hamsin littafinta na farko ya fito, a 1979, daga kamfanin ɗab'i na Nouvelles Éditions Africaines a Dakar, da sunan Une si longue lettre, wato wasiƙa mai tsawon gaske. Ƙawarta 'yar jarida Annette Mbaye d'Erneville tana cikin waɗanda suka ƙarfafa mata gwiwa, sunanta ma yana cikin sadaukarwar. A 1980 aka fara ba da kyautar Noma ta littattafan da aka buga a Afirka, wannan littafi ya fara cinye ta. A 1981 Modupé Bodé-Thomas ta fassara shi zuwa Ingilishi, wanda yake hannunki ke nan. A wannan shekarar dai, ranar 17 ga Agusta, ciwon daji ya yi ajalin Mariama tana da shekara 52, littafinta na biyu bai ma fito ba. Duk sunan da ta yi a duniya, shekara biyu kacal ta rayu a cikinsa.

Yanzu littafin. Kada rubutun Faransanci ya ruɗe ki, sunayen duk namu ne. Ramatoulaye Ramatu ce, Aïssatou A'ishatu, Binetou Bintu, Daouda Dauda, Nabou kuma guntun Zainabu ne. Haka zan riƙa kiransu.

Mijin Ramatu, Modu Fall, ya faɗi a ofis, zuciya ta buga, ya rasu. Ramatu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ta ɗauki littafin rubutu ta fara yi wa aminiyarta A'ishatu wasiƙa zuwa Amurka. Wannan dabarar ita ce abin da na fi yaba wa Mariama a matsayinta na marubuciya. Takaba lokaci ne da ake so mace ta natsu a ɗaki, ba ado, ba fita sai da lalura, ba yawan magana. Malama mai 'ya'ya goma sha biyu, wadda tun asuba take kan ƙafa, yaushe ta taɓa samun wata huɗu na zama da tunani in ba yanzu ba? Ramatu ba ta karya takabarta ba ko da rana ɗaya. Tana wankanta, tana sauya tufafin takaba a ranakun da aka saba, tana salla, carbi na hannunta. A kan wannan tabarmar take zaune ta tone duk abin da aka yi mata.

Shafukan farko na zaman makoki ne, kuma duk wadda ta taɓa zama a gidan rasuwa a Kano ko Damagaram za ta ga gida. Sadakar uku, da ta kwana takwas inda mu muke yin ta bakwai, da ta arba'in. Mata sun ci ado sun zo gaisuwa suna hirar atamfa da gulma, malamai na karatu ba mai saurare. Ana tara kuɗin gaisuwa ana shelar abin da kowa ya bayar, a ƙarshe dangin miji su kwashe su bar masu takaba hannu rabbana. Ƙannen miji suna yabon matan mamacin biyu da kalmomi iri ɗaya, wadda ta yi shekara talatin da haihuwa goma sha biyu, da wadda ta yi shekara biyar da haihuwa uku. Sannan aka zauna lissafin abin da ya bari, aka tarar ba ko sisi sai tulin bashi. Gidan da Ramatu take ciki, wanda da albashinta da nasa aka gina shi amma takardar tana ɗauke da sunansa shi kaɗai, ashe ya jinginar da shi a banki ya saya wa amarya sabon gida. Ya ci wani bashin ya kai iyayen amarya Makka, yana sauya mata mota da zarar ta ɗan ƙuje. Ina yawan tsayar da aji a nan in tambayi matan aure da ke ciki: filin da kuka haɗa kuɗi kuka saya, sunan wa ke kan takardar? Shiru ne yake biyo baya, sai 'yar dariya.

Yadda aka yi auren shi ne zuciyar littafin. Bintu ƙawar Daba ce, babbar 'yar Ramatu. Gidan take zuwa su yi bitar jarrabawa tare, Modu ne yake mayar da ita gida da mota idan dare ya yi. Ita da bakinta take ba Daba labarin wani tsoho da yake saya mata kaya, Daba ta kawo wa uwarta labarin, su yi ta jajanta wa yarinyar, Ramatu har tana ba da shawarar kada ta yarda. Ran nan, wata Lahadi, Modu ya ci ado ya fita ya ce kada a jira shi cin abinci. Da magariba sai ga liman, da Tamsir yayan Modu, da amininsa likita Maudo, sun sha manyan riguna. Liman ya fara kewaye-kewaye, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, har gaban Ramatu ya faɗi ta zaci mutuwa aka zo faɗa mata. Ashe daga wurin ɗaurin aure suke. Ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta yi murmushi, ta sa aka kawo musu abin sha, ta yi godiya, ta raka su ƙofa. Ba sanarwa tun da wuri, ba lallashi, balle abin da mu muke kira kayan faɗar kishiya.

Ga abin da nake so ki kai wa yayanki. Bayan wannan duka Ramatu ba ta nemi saki ba. Daba ta ce ta fita, maƙwabciyarta Farmata mai duba da wuri ta ce ta fita, ta ƙi. Ta shirya zama da kishiya, ta shirya rabon kwana kamar yadda shari'a ta tsara. Modu ne bai dawo ba. Shekara biyar bai taka gidan ba, ba kwana, ba cefane, ba kuɗin makarantar yara. Ko bora tana ganin mijinta ranar girkinta, Ramatu ko wannan ba ta samu ba. Ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Wannan halin yana da suna a Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 129, inda aka hana miji ya karkata gaba ɗaya ga ɗaya ya bar ɗayar kamar abin da aka rataye. Aya ta 3 da ake kafa hujja da ita wajen ƙarin aure, da sharaɗin adalci ta zo. Da Ramatu za ta kai ƙarar Modu gaban alƙalin Malikiyya, wadda ita ce mazhabar Senegal kamar yadda take tamu, ba ta buƙatar ko kalma ɗaya daga littattafan Turawa. Wata masaniyar adabi 'yar Najeriya, Obioma Nnaemeka, ta yi wannan bayani da kyau: abin da Mariama ta zana auren 'yan birni ne, masu ɗaukar izinin da addini ya bayar su watsar da nauyin da ya zo tare da shi.

Haka ma batun Tamsir. Ranar sadakar arba'in ya shigo ɗakin Ramatu da liman da Maudo, ya ce da ta fita takaba zai aure ta, tunda ɗan'uwa ke gadon matar ɗan'uwansa. Mutumin nan matansa uku, kuma su suke ciyar da gidan, wannan da rini, wannan da sayar da 'ya'yan itace, waccan da keken ɗinki. Idonsa na kan gidan Ramatu da albashinta. A nan ne ta fashe, shirun shekara talatin ya ƙare, ta wanke shi tas a gaban liman, har liman yana salati yana cewa wannan magana a bakin mai takaba. Ɗalibai maza sukan ce ta yi rashin kunya. Sai in tambaye su wa ya fara saɓa wa shari'a a ɗakin. Suratul Baƙara aya ta 235 ta yarda a yi wa mai idda shaguɓe ne kawai, kuma malamai sun haɗu a kan haramcin fito mata da maganar aure ƙarara kafin ta gama. Suratun Nisa'i aya ta 19 ta hana a gaji mata a kan tilas. Liman yana zaune bai ce wa Tamsir uffan ba, sai da mace ta ɗaga murya ya tuna da Allah.

To ina gaskiyar yayanki? Ba zan yi miki kwaskwarima ba: Mariama Bâ ba ta son kishiya, kuma littafinta bai nuna gida ko ɗaya da ake zaune da mata biyu lafiya ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce Dauda Dieng. Shi ne saurayin da mahaifiyar Ramatu ta so mata tun farko, lokacin da take cewa wushiryar Modu da yawan kyansa da daɗin bakinsa ba su kwanta mata ba. Yanzu likita ne, ɗan majalisa, mai mutunci, mai hali, kuma har gobe yana son ta. Ya zo neman aurenta cikin mutunci. Wannan mutum zai yi adalci, littafin bai bar shakka a kai ba. Ta ƙi shi. Dalilinta biyu: tana girmama shi amma zuciyarta ba ta son sa, sannan ba za ta shiga tsakaninsa da matarsa Aminatu ta ɗora mata abin da ita ta ɗanɗana ba. A'ishatu kuwa ko jiran ganin adalci ba ta yi ba. Da mijinta Maudo ya ƙara aure ta ajiye masa takarda a kan gado, ta kwashi 'ya'yanta maza huɗu ta tafi. Ta yi karatun tafinta a Faransa, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Saboda haka idan yayanki ya ce marubuciyar tana ganin ƙarin aure ciwo ne ga uwargida ko da an yi adalci, ya karanta daidai. Abin da ba ta yi ba shi ne ta ce haramun ne, ko ta ɗora wa addini laifi. Faɗin cewa abu halal ne kuma yana da zafi ba saɓo ba ne. Saki ma halal ne.

Ita kalmar feminis ɗin, abin dariya, a cikin littafin namiji aka liƙa wa ita. Ramatu tana yi wa Dauda ƙorafin cewa mata huɗu ne kacal cikin 'yan majalisa ɗari, kusan shekara ashirin da samun 'yanci, sai ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan a zauren majalisa har abokansa suna kiransa da wannan suna. Ramatu da kanta ta ce tana murna duk lokacin da wata mace ta fito daga duhu, kuma a wuri guda ta ce ita ba ta ganin cikar farin cikinta sai a cikin aure, namiji da mace kowa cikon ɗan'uwansa ne. Wannan ya sa wasu masu rajin 'yancin mata na Turai suke ganin ta yi sanyi da yawa, wasu masharhanta maza na Afirka kuma suke ganin ta yi zafi da yawa. Ni ina kiranta mai fafutukar haƙƙin mata ba tare da wata inda-inda ba, domin ilimin 'ya mace, da haƙƙinta a dukiyar da ta tara, da bakinta a zaɓen miji, da kujerarta a majalisa, su ta yi wa aiki da alƙalami da ƙungiya.

Akwai abin da masu zaginta da masu yabonta duka suke tsallakewa: rabin ɓarnar da ke cikin littafin mata ne suka yi ta. Uwar Bintu ce ta matsa wa 'yarta da kuka da magiya ta bar makaranta ta auri sa'an ubanta, don ita ta fita daga talauci ta shiga gida mai famfo a kira ta Hajiya. Bintu abin tausayi ce, kuma Ramatu ta san haka, shi ya sa ba ta tsane ta ba. Auren A'ishatu kuwa uwar miji ce ta kashe shi, da haƙuri irin na mai dakon gawa. Gwaggo Nabu, uwar Maudo, jinin sarautar Sine ce, wata tsohuwar masarauta a Senegal, A'ishatu kuma 'yar maƙerin zinariya, kuma a tsarin ƙabilar Wolof ta Senegal da maƙwabtansu maƙera da maroƙa da dukawa rukuni ne da masu asali ba sa haɗa jini da su. Tsohuwar ta tafi garinsu ta ɗauko 'yar ƙaninta mai sunanta, ta raine ta shekara da shekaru, ta sa ta a makaranta har ta zama ungozoma, sannan ta ce wa ɗanta ga matarka, in ka ƙi baƙin ciki zai kashe ni. Maudo, likitan da ya bijire wa kowa ya auri 'yar maƙera, ya sunkuyar da kai ya karɓa, yana cewa don uwarsa ne, alhali amaryar tana haihuwa kusan duk shekara. Mu da har yanzu ake fasa aure a wasu gidajenmu don an gano kakan yaro mahauci ne ko wanzami, ba mu da bakin yi wa Senegal dariya.

Inda nake ganin littafin ya gaza, kuma ya kamata ɗaliba ta iya faɗar haka a takardarta, shi ne matan nan biyu 'yan gata ne. Ramatu ta iya cewa a'a ga Tamsir da Dauda saboda tana da albashi. Ki duba yadda ta rayu a shekara biyar ɗin nan: ita ke bin layin biyan kuɗin wuta da ruwa, sau da yawa ita kaɗai ce mace a layin, ita ke neman mai gyaran famfo da makulli, ta koyi shiga silima ita kaɗai ana kallonta, rediyo ke taya ta hira da dare. Da ta ambata wa A'ishatu wahalar da yaranta suke sha a motar haya, A'ishatu ta biya kuɗin sabuwar Fiat ta ce ta je ta zaɓi launi, Ramatu ta koyi tuƙi a tsorace. Abin yana taɓa zuciya, amma mace nawa ce take da ƙawa a ofishin jakadanci? Matar ƙauye da aka yi wa irin wannan, wadda ba ta da komai sai tumunin takaba da za su raba da kishiya, Tamsir za ta aura ko tana so ko ba ta so. Idan kina son ganin wannan labari daga ƙasa, ki nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi ba ta da albashi, mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, da sayar da abinci ta riƙe su. Ki ajiye littattafan biyu gefe da gefe, za ki samu abin rubutawa da ya fi na kowa a ajinku.

Littafinta na biyu, Un chant écarlate, wanda Dorothy Blair ta fassara da sunan Scarlet Song, ya fi na farko ɗaci, kuma a ganina bai kai shi ƙwarewa ba. Labarin Mireille ne, 'yar wani jami'in jakadancin Faransa, wadda ta bar iyayenta ta musulunta ta auri Usman Gueye, ɗan talakawan Dakar. Uwar miji ba ta karɓe ta ba, Usman ya koma wa wata tsohuwar budurwarsa ya aure ta a ɓoye, yana fakewa da cewa komawa ce ga asalinsa na baƙar fata. Da Mireille ta gano, hankalinta ya gushe, ta kashe ɗansu, ta daɓa wa Usman wuƙa. Abin lura shi ne a nan ma Mariama ta nuna namiji mai ɗaukar babbar kalma, jiya addini yau al'ada, ya lulluɓe son zuciyarsa da ita. Wanda yake cewa Turawa take yi wa aiki ya karanta yadda ta zana uban Mireille, mai jawabin 'yan'uwantaka a bainar jama'a, wanda ya haukace da ya ji 'yarsa tana son baƙin mutum.

Ba ita kaɗai ba ce a zamaninta. Nafissatou Diallo ta fitar da tarihin ƙuruciyarta a 1975, Aminata Sow Fall ta fara a 1976, Awa Thiam ta fitar da nata mai zafin gaske a kan kishiya da kaciyar mata a 1978. Dokar iyali ta Senegal ta 1972 ta riga ta tanadi cewa ranar ɗaurin aure a hukumance miji zai bayyana zaɓinsa, mace ɗaya, ko adadi ƙayyadadde, ko har huɗu, saboda haka gardamar tana kan teburin kowa kafin littafin ya fito. Majalisar da Ramatu take yi wa ƙorafin mata huɗu, bayan dokar raba daidai ta 2010 zaɓen 2012 ya kai mata 64 cikin kujeru 150. A tsibirin Gorée akwai makarantar kwana ta 'yan mata masu hazaƙa da take ɗauke da sunan Mariama Bâ. 'Yarta Mame Coumba Ndiaye ta rubuta tarihinta a 2007, idan kina jin Faransanci.

In za ki ba yayanki littafin, ki naɗe masa shafukan ƙarshe, inda Ramatu ta gano 'yarta mai sunan A'ishatu, 'yar makaranta, tana da ciki. Farmata tana jira ta ga duka da kora. Ramatu ta tashi ta yi alwala ta hau sallaya, ta daɗe, ta sauko ta rungume yarinyar. Ta kira yaron da ya yi cikin, Ibrahima Sall, ɗalibin shari'a, suka zauna suka tsara yadda yarinya za ta haihu a lokacin hutu ta koma aji, a ɗaura aure daga baya. Bayan haka ta tara sauran 'yan matan, waɗanda ta taɓa kamawa suna shan taba a ɗaki, ta yi musu maganar jikinsu da ba a taɓa yi mata ba, tana jin nauyi, su kuma suna kallonta kamar sun riga sun sani. Takaba ta zo ƙarshe, saƙo ya iso cewa A'ishatu tana tafe gobe. Ramatu tana tunanin ko da wando za ta sauka, tana cewa ta san za ta nemi tebur da cokali mai yatsu, amma ba za ta samu ba, tabarma za a shimfiɗa a ajiye kwano ɗaya a ci da hannu. A nan ta sa hannu a wasiƙar, wadda ba ta ma buƙatar kai ta gidan waya.